Saƙon Da Ban Tura Ba

Na yi yawo a duniya, daga Agadas har Khartum da Jidda, na manta abubuwa da yawa. Amma wata hantsi a Sandamu ba za ta fita raina ba har in koma ga Allah.

Wata malamar jami'a ce ta zo daga kudu tana binciken yadda labarin rashin lafiyar mutane ke yawo a wayoyin hannu. Ba ta jin Hausa, sai aka ɗauke ni tafinta. Ranar farko ta sa na yi alkawarin duk abin da na ji zai tsaya a wurina. Na amsa da sauri, don a ƙasashen da na zauna na sha ganin likita ya rufe ƙofa, ina ɗauka rashin zumunci ne kawai irin nasu.

Cikin matan da suka yarda a yi hira da su har da 'yar ƙanwata, wadda mijinta ya rasu, take ciyar da 'ya'yanta da sayar da fura da nono. An tambaye ta ko ta yarda ni in fassara, ta ce ai Kawu ne. A nan na ji wata huɗu ke nan tana shan maganin tarin fuka, likita ma ya ce ta daina yaɗa shi. Ta ƙi ba asibiti lambar waya, domin wayar gidan ta kowa ce.

Tausayi ya kama ni. A wurinmu ciwon mutum na dangi ne, shi ya sa ana gama hira na ciro waya, na buɗe zauren danginmu, na fara naɗar murya: “Salamu alaikum, a sa 'yarmu a addu'a…”

Malamar ba ta ji me nake faɗa ba, amma ta ga fuskar yarinyar. Ta ce mini da Turanci, “Baba, dakata. Mutum nawa za su ji wannan?”

Na ce, “Ai duk na gida ne.”

Sai 'yar tawa ta ce a hankali, “Kawu, na gida su ne masu sayen furata. In ka tura, gobe sai dai ka zo ka shanye ƙwaryar kai kaɗai.”

Na dubi babban yatsana a kan wayar. Sakinsa kawai ya rage. Na goge saƙon, na yi mata addu'ar a nan, mu uku, malamar tana cewa amin da bakinta na baƙuwa.

Ta gama maganinta lafiya. Bayan shekaru, ita da kanta ta riƙa faɗa wa mata don su je asibiti, ita ce ma ta ba ni izinin rubuta wannan.

Har yau ina gode wa Allah, ina gode wa baƙuwar nan da ta tsayar da ni. Da furfurata na koyi cewa labarin ciwon mutum nasa ne, ko addu'a zan nema masa sai na tambaye shi tukuna.