Zanen da Aka Yi Don Kaka

Jama'a, yau na tafka kuskuren sati guda, kuma aka yi mini godiya a kai!

Kun san ina haɗa wa Alhaji Sani mai atamfa shafin shagonsa na intanet. Abokiyar aikina Akossiwa ce ta yi zanen, ni aikina in mayar da shi shafi mai aiki. Ta turo fayil, na buɗe. Allunan zane a ciki sun fi ashirin, babu ko ɗaya mai suna! Na yi ta ja hagu da dama, har na hango wani can gefe, rubutu manya-manya, maɓallai kamar tafin hannu. Na ce to, sabon yayi ne. Kwana shida ina ginawa.

Yau da safe ni da Akossiwa muka hau zem, wato acaɓa, daga Zongo zuwa shagon a Adidogomé. Ina buɗe wa Alhaji shafin a waya, Akossiwa ta dafe kai.

"Bashir, c'est pas ça, ba shi ba ne! Wannan gwaji ne na yi don kakata, ba ta gani sosai!"

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, zan sake."

Ko kallona bai yi ba. Ya laluba aljihu zai ɗauko tabarau, sai ya fasa. Ya shiga karanta sunayen atamfofinsa ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi!

"Ka sake me? Masu sayen kayana duk sa'o'ina ne. Kada a taɓa!"

Akossiwa ta nuna masa zanen ainihi. Ya ƙanƙance ido ya ce, "Ɗiyata, wannan rubutu ne ko tururuwa?"

Yanzu haka tana zaune tana sa wa kowane allo suna. Wanda na ɗauka ta sa masa "Kaka".