Tozon Genzo Mai Awara

Kowa a unguwar ya san Genzo mai awara da tozonsa. Tun yana saurayi yake sa kafaɗa a ƙarƙashin mikoshi, ɗan ɗakin nan mai ruwan zinariya da ake zagayawa da abin bautar unguwa a cikinsa duk bazara, har naman wurin ya dunƙule ya yi tozo kamar na bijimi. Shi abin alfaharinsa ke nan. Matarsa Fusae kuwa ko kallon abin ba ta son yi. Kullum sai ta ce, "Haba maigida, sa riga mana, abinci fa nake ci."

Bana Tokuji mai kifi, shugaban unguwa kuma abokinsa na ƙuruciya, ya zo da zance mai tayar da zuciya: matasa sun watse, ba masu ɗauka, sai dai a ɗora mikoshi a motarsa.

"Motar kifi?" Genzo ya yatsine fuska. "Wadda ƙudaje ke bi? Sai dai bayan raina, tsohon banza!"

"To je ka nemo majiya ƙarfi, sarkin taurin kai."

Genzo kuwa ya nemo samari daga wata unguwa, riguna sababbi fil, gashi ya sha mai. Tun da ya ga suna cusa tawul a kafaɗa ransa ya ɓaci. Da aka ɗaga aka kama hanya ya gane irin tarkacen da ya kwaso. Ihunsu ya fi na kowa, amma duk sun lanƙwashe gwiwa sun rage tsawo, sandar ɗaukar mikoshin ko taɓa kafaɗarsu ba ta yi. Wani ma murmushi yake wa masu ɗaukar hoto. Nauyin duka ya koma kan tsofaffi irin su Genzo da Tokuji. Ƙyamar samarin ta cika Genzo.

A kwanar kasuwa gwiwar Tokuji ta gaza ɗaukar nauyin, mikoshi ya karkata, saura ƙiris abin bautar unguwa ya faɗa kwata. Genzo ya tokare da tozonsa har fatar ta fashe. Ya dubi abokinsa da ke haki a durƙushe, sannan da bakinsa ya ce, "Ku kawo motar."

Haka aka ƙarasa zagayen, ƙarnin kifi na tashi, ƙudaje na rakiya, Genzo na biye a ƙasa, kafaɗa wayam.

A gida ya tuɓe riga ya koma lungu don kada matarsa ta gani. Fusae ta ɗauko magani ta bi shi, ta ɗora tafin hannunta a kan tozon, karo na farko tun aurensu.

"Bar shi," in ji Genzo. "Ba shi da sauran amfani."

Ba ta ɗauke hannun ba.