Ranar da kwamfuta ta hana ni aure

Shekarun baya, ana saura wata guda da 'yan kwanaki ɗaurin aurena, na jawo wa kaina tashin hankalin da ya hana ni cin abinci har kwana uku. Ba kuma wanda ya aike ni, iyayi ne kawai irin nawa.

A lokacin ina aiki da wani kamfani mai rarraba magunguna, a ɓangaren nazarin bayanai. Mun koma amfani da wani dandali da ke intanet, wanda kake zuba bayananka a can maimakon ka tara su a kwamfutarka. Abin da ya fi burge ni a cikinsa shi ne wani tsari da ake kira ontoloji. Kada sunan ya ba ku tsoro. Za ka fara gaya wa na'urar ire-iren abubuwan da kake da su ne, ga shago, ga direba, ga magani, sannan ka gaya mata yadda suke haɗuwa: direba yana kai wa shago kaya, shago yana sayar da magani. Da ka gama sai ta zana maka komai, kowane abu 'yar da'ira, kowace alaƙa layi. Ka taɓa da'ira ɗaya, duk abin da ya shafe ta ya bazu a gabanka kamar saƙar gizo. Abin ya shiga kaina sosai, har gani nake ba matsalar da ba zan warware da shi ba.

Ana haka sai taron zumuncin danginmu ya zo. Mu dangi ne masu yawa, daga Gwammaja zuwa Ƙofar Wambai har Dukawuya, an yi ta auren juna har ta kai mutum ɗaya kawunka ne ta nan, surukin yayarka ne ta can. Dattawa suka koka cewa yaran yanzu ba su san juna ba. Ni kuwa uban iyayi, na ɗaga hannu na ce a bar mini, zan zana dangin kaf.

Na raba takardu gida-gida, kowa ya rubuta wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wa ya riƙi wa, da kuma wa ta shayar da wa, don a gidanmu ba a wasa da maganar shayarwa. Da takardun suka dawo sai na ga aiki. Tsofaffinmu mata ba sa kama suna. Ko'ina "matar wane", "autar wance", "ɗan farin wance". In zauna bin su ɗaya bayan ɗaya? Ina! Sai na kafa wa na'urar ƙa'ida: duk inda ta ga ɗan fari, ta duba 'ya'yan da aka lissafa wa matar ta ɗauki babbansu, in auta ne ta ɗauki ƙaraminsu. Don in burge dattawa na ƙara wata: duk mutum biyun da aure bai halatta a tsakaninsu ba, in aka haɗa su layin ya zama ja. Na zuba komai, wallahi ko rabi ban karanta ba.

Wata Talata da hantsi zanen ya fito. Kai, abin ya yi kyau! Na kira abokina da muke ofis ɗaya ina ta nuna masa. In taɓa kakanmu, zuri'arsa ta watsu ta cika allon. In zaɓi Gwammaja, sauran unguwannin su dushe. Ya gama kallo ya ce, "To ango, sa mana naka auren mu gani."

Wadda zan aura 'yar kawuna ce na Dukawuya. Na nemo da'irarta, na nemo tawa, na haɗa su ina murmushi.

Layin ya fito ja.

Na yi dariya na ce na'ura ce ta rikice. Na danna don ta nuna mini dalili, sai ta ware da'ira uku ta bar su a tsakiyar allo. Daga matar kawuna layi ya zo kaina, an rubuta "ta shayar da shi". Daga ita kuma wani layin ya tafi kan amaryata, "ta haife ta". Na bi asalin bayanin. Daga takardar gwaggona ta Ƙofar Wambai ya fito, tsohuwar da duk dangi sun yarda ba ta mantuwa. Ta sa an rubuta cewa matar kawun nan ta shayar da ɗan farin mahaifiyata kusan wata biyu, lokacin da uwar ta kwanta ciwo. Ni ne kuwa babba a ɗakinmu.

Abokina ya ce, "Ai ka ba ta shekara takwas, ba tare kuka sha ba."

Na ce, "Malam, kai ma ka san ba a nan take ba. In dai uwarta ta ba ni nono, duk abin da ta haifa ƙannena ne."

Ya waiga ya ga ba kowa, ya rage murya. "To goge layin mana. Wa ya gani?"

Ba zan ɓoye muku ba, sai da na kai hannu. Shekara uku ina son yarinyar nan, an sa rana, akwatunan lefe suna jere a ɗakin mahaifiyata. Amma na san in na goge a allo, ba zan goge a zuciyata ba, kuma zaman haram zan yi har in mutu. Na rufe kwamfutar na fita.

Kwana ukun nan ban taɓa shiga ƙunci irinsa ba. Amarya ta kira ban ɗauka ba. Ta turo hoton labule tana tambaya wane launi na fi so, na zauna ina kallon labule ina hawaye, ƙato da ni. Tsoron zuwa wurin gwaggo nake, don maganar da ta shiga gidanta kafin la'asar ta zaga dangi. Na riga na yanke cewa manya mantawa suka yi, kuma ni zan zama sanadin tona abin.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ɗauki kwamfutar na shiga wurin mahaifiyata. Tana zaune a tsakar gida tana gyaran zogale. Na durƙusa na ce, "Umma, magana ce da ni, amma nauyinta nake ji."

"In fasawa za ka yi, tashi ka ba ni wuri."

Na karanta mata abin da gwaggo ta sa aka rubuta. Hannunta ya tsaya. Sannan ta ce, "Gaskiya ta faɗa. An yi haka."

Na sunkuyar da kai, ita kuma ta ci gaba da magana.

"Amma wa ya ce maka kai ne ɗan farina?"

Na ɗago na dube ta.

Ta ce, "Kai da nake ƙwala wa kira da sunanka tun daga soro? Nake zama hira da kai har da tafawa? A ina ka taɓa ganin 'yar cikin gari ta yi wa ɗan farinta haka? Duk karatun naka ba ka lura ba?"

Idonta a kan zogalen ta ba ni labarin. Kafin ni ta haifi namiji. Ciwo ya kwantar da ita bayan haihuwa, matar kawu da ke goyon nata ɗan a lokacin ta haɗa su ta shayar. Watansa bakwai Allah ya karɓi abinsa. Ni na zo bayan shekara biyu, ita ta shayar da ni har ta yaye ni, ba macen da ta ɗiga mini ko ɗigo. Haramcin kuma a kan wanda ya sha yake, ba ya tsallakowa kan ƙaninsa.

"Kana tsammanin za a karɓi gaisuwarka ba a zauna an bi wannan ba? Mu ma ai muna tsoron Allah."

Na ce, "To Umma me ya sa ba a sa shi a takardar gidanmu ba?"

Ta ce, "Yana raye ban iya kama sunansa ba. Sai da ya tafi zan sa a rubuta?"

Ni dai ga dariya ga kuka, na rasa wanda zan yi. Shekara talatin da ɗoriya ina da wa ban sani ba, kuma ga aurena ya dawo hannuna. A nan gabanta na buɗe kwamfutar na ƙara da'ira ɗaya a sama da tawa, na cire layin shayarwar daga kaina na mayar kansa. Nan take jan layin ya koma baƙi kamar na kowa. Na tambaye ta me zan rubuta a wurin suna, ta ce in bar shi haka. Ta ɗan leƙo ta ce, "Shi ne wannan?" Na ce shi ne. Ta ce, "Matso mini da shi kusa da ni." Na ja shi na ajiye a gefenta.

Da la'asar na sake tambayar malamin unguwarmu don zuciyata ta kwanta, ya ce maganar Umma ita ce daidai. Sannan na kira amarya. Sai da na sha faɗa kamar me kafin ta bar ni na yi bayani, kuma na cancanta.

Na'urar ba ta yi mini ƙarya ba, abin da na ba ta shi ta zana. Ni ne na ɗauka duk wanda aka haifa an rubuta shi, alhali a gidajenmu akwai waɗanda kunya da raɗaɗi suke hana a ambata. Tun daga ranar, ko a wurin aiki, in zane ya nuna mini abin mamaki ba na tashi da gudu, sai na nemi wanda ya ba da bayanin na ji me ya bari bai faɗa ba.

Yau 'ya'yanmu uku. Wani lokaci ina kallonsu suna cin abinci sai in tuna yadda na kusa zuwa Dukawuya da ƙafata in ce na fasa, ba tare da na tambayi kowa ba. Sai in yi hamdala, in yi wa wana addu'a. Ban taɓa ganinsa ba, har yau ban san sunansa ba, amma ba na sallah in manta da shi.