Gangar noma a cikin biro

Aikin da na fara yi bayan na fita lakwal, wato makarantar boko, zamanin Faransawa, akawu ne a wani kamfanin sayen gyaɗa a Maraɗi. Lokacin ba a daɗe da tayar da gari daga kwari zuwa tudu ba, bayan ruwan da ya ci tsohon birni, saboda haka biron namu, wato ofis, sabo ne ful, fari tas, da rufin kwano. Ɗaki biyu ne. Na ciki na Nasara, wakilin kamfani a garin, na waje namu ne, ni da wani dattijon akawu Bagobiri, mutumin Tibiri, wanda kowa ke ce wa Mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, ko da yake bai taɓa koyar da kowa a aji ba.

Da kaka akwai aiki har mutum ya manta da cikinsa. Raƙuma da jakuna su cika fili, ana awo, ana faɗa, mu kuma muna rubutu hannu na ciwo. Amma da zarar an kwashe buhun ƙarshe an yi kudu da shi, shi ke nan, sai zaman kashe wando. Bazara ta wuce muna zaune, damina ta shigo muna zaune. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan: lokacin da kowane mai hannu a ƙasar nan ke neman wanda zai taya shi noma, lokacin ne ni nake fiƙe fensirin da na fiƙe jiya.

Na san duk abin da ke cikin ɗakin nan. Na san inda hasken taga ke kaiwa a ƙasa kafin a tashi cin abinci. Akwai zanzaron da ya gina ɗakinsa a bayan kabad, na bi ginin tun daga tushe har ya rufe baki, kuma ranar da ya gama na ji kamar an yi mini rashi. Mushe shi goro ya riƙe. Yakan fasa shi ƙanana-ƙanana, ya jera a bakin tebur, ya riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya kamar mai shan magani.

Ba a dai yarda a ga kana zaune ba. Kafin zuwana an sallami wani akawu don Nasara ya leƙo ya tarar da shi ya yi tagumi. Ranar da gyaɗa ta ƙare a shekarata ta farko, Mushe ya jawo ni gaban mashin ɗin rubutu, ya ce, "Kai ɗan Jiratawa, zamna in gwada ma aikin damana. Nasara da kunne shike duba aiki, ba da ido ba." Ya zare ƙyallen tawada daga mashin ya ajiye a aljihun tebur, don shi da takarda ana sa musu ido, ya naɗa wata tsohuwar takarda da ta riga ta sha bugu, ya ce in buga. Na ce in buga me? Ya ce, "Komi ka so. Zagi ma, in kana da wanda kaka jin haushi. Kai dai kak ka bari mashin shi yi shiru, kuma kak ka ɗaga kai."

Haka muka riƙa yi, shi ya buga in huta, in buga ya huta. Nasara a ciki yana karanta jaridun da suka tsufa a hanya kafin su iso, yana jin ƙaf-ƙaf-ƙaf, hankalinsa kwance. Daga baya na gane shi ma tsoron na sama da shi yake ji, kada a ce reshen Maraɗi ba ya komai. Kowa na yi wa wani wasan yara, kuma kowa da gemunsa.

Da na gaji da buga shirme sai na koma buga kiɗa. Gangar noma nake bi, irin wadda ake yi wa samari ranar gayya a garinmu, mai sa a duƙa ba a miƙe ba sai an kai ƙarshen kunya. Yatsuna suka iya ta sosai, har ƙararrawar mashin ta riƙa faɗowa daidai inda makaɗi ke yin kirari. Mushe ya ce in dai haka ne a kai ni gona a huta.

Gona kuwa ina da ita, kuma ita ce ke hana ni barci. A Jiratawa, a bakin gulbi, akwai wata 'yar gona mai baƙar ƙasa da kakana ya nuna da sandarsa ya ce tawa ce, tun kafin dogarai su zo su ɗebi yara zuwa lakwal, ni a ciki. Dawa take yi da damina, da rani a haƙa rijiya kusa-kusa a yi albasa. Tun da aka tafi da ni mahaifina ke noma ta a kan tasa, yana cewa ajiya ce, mai ita na nan zuwa. To ƙarfi ya fara ja baya, ƙannena mata ne kuma sun yi aure, bara ciyawa ta cinye rabin dawar. Baffana, ƙanen mahaifina, yana da samari ƙarti a gida, ya fara maganar da ba a iya ce mata ƙarya: gona ta mai noma ta ce, ba a barin ƙasar gado ta zama saura alhali akwai hannu a cikin gida. Kowace shekara nakan aika cewa bana zan zo. Kowace shekara in kasa, domin neman hutu da damina daidai yake da ka ce wa Nasara ba ka da aikin yi.

Aiken nan ta bakin gwaggona yake tafiya, yayar mahaifina, ta bakinta kuma amsa ke dawowa. Ni ɗan fari ne. Mahaifina bai taɓa kama sunana ba, bai taɓa zama ya yi hira da ni ba, in ina wuri sai ya kau da kai ya yi magana da wani. In dole ta kama ya ambace ni, sai ya ce "wancan". Ba ƙi ba ne, kunya ce, haka muka taso muka gani, ban kuma taɓa jin ciwon abin ba sai a shekarar da nake ba da labari.

A shekarar, ruwan shuka ya sauka ran Talata da dare, mai yawa. Washegari kuma babban Nasara ya zo daga hedikwata duba reshe. Tun da safe Mushe ya ce, "Yau ranak ka ce, makaɗi. Ka buga har su kurumce." Ya tara tsofaffin takardu a gabansa yana juyawa da fuskar mai lissafi, ni kuma na duƙa a kan mashin. Teburina yana gefen taga, amma bango nake fuskanta. Ban taɓa bugu irin na ranar ba. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shigowa, na san duk Jiratawa na gona da sungumi, haushi ya cika ni, na sauke shi a kan mashin. Tun hantsi har rana ta kusa tsaka ban ɗaga kai ba, gumi har cikin ido.

Da baƙon ya tafi, Mushe ya ce da ya fita zubar da tukar goro ya ga wani tsoho a gindin tsamiyar da ke daura da taga, ƙafafunsa duk laka, ya zuba mini ido. "Na ce mai, Baba, wa kaka biɗa? Ya ce ba kowa, inuwa shike sha. Ya daɗe nan tsaye awa wanda ya ga aljani, kana ya juya." Muka yi dariya. Mutanen ƙauye sun saba tsayawa kallon mashin, ban kawo komai a raina ba.

Babban Nasara ashe ya yaba ƙwarai, ya ce bai ga reshe mai himma irin namu ba. Namu ya fito yana murmushi, ni kuma na ga ƙofa ta buɗe, na roƙi hutu, kwanje kamar yadda suke cewa. Ya ba ni nan take, ya ce na cancanta. Ran Juma'a na shiga kasuwa na sayi sabon sungumi da hauya, Asabar da la'asar na saɓa su na kama hanya ina jin kaina kamar ango.

Ban shiga gari ba, na ratse ta bakin gulbi. Tun daga nesa na ga an shuka gonar. Sawun shuka layi-layi har gindin iyaka, dawa ta fara huda ƙasa. Na yi murna, na ce tsoho ya riga ni. Sai na lura an cire kututturen da ke raba ta da gonar baffa.

Gwaggo na tarar a tsakar gida tana tankaɗe. Ta dubi sungumin, ta dube ni, ta ce in aje in sha ruwa tukuna. Sannan ta faɗa mini. Daren da aka yi ruwa baffa ya zo da dattawa biyu, ya ce ƙasa ba ta jiran kowa, a yi ta ta ƙare. Mahaifina ya ce a ba shi zuwa azahar, zai je ya ji daga bakin mai ita. Bai aiki kowa ba, ya tafi da kansa da asuba, a ƙasa, cikin laka.

"Ya ishe ka can biro," in ji gwaggo. "Shiga biron Nasara ba nashi ba ne, kiran ka kuwa ka san ba shi iyawa. Ya ce bari shi tsaya inda za ka gane shi, in ka ɗaga kai. Ba ka ɗaga ba. Ya komo ya tara su, ya ce ya gani da idonai, wancan na da noman da ya hi namu, ko ruwa ba a bari shi sha. Ya ce har kiɗi abin ke yi, awa gangar noma, shi ko yana bi bai huta ba. Ya ce zalunci ne a ƙara mai wata gona bisa wagga. A ba samarin baffanai."

Na ce zan je in yi magana. Ta ce in yi da wa? Iri ya shiga ƙasa, magana ta fita gaban dattawa, kuma babu wanda ya ƙwace, bayarwa aka yi. Gaskiyarta. Abu ɗaya ne zai iya tayar da zancen, in je in ce mashin ɗin ba tawada, takardar ba rubutu. Na auna shi a raina har magariba. Mutumin nan an ɗauke masa ɗa yana ji yana gani, shekara da shekaru bai san abin da aka yi da shi ba, sai ranar Laraba ya samu amsar da ta kwantar masa da rai. Gwaggo ta ce tun da ya dawo yake ba da labarin a dandali, har yana kwatanta yadda nake yi da yatsu. Na ji baƙin ciki irin wanda ban taɓa ji ba, na kuma san ba zan faɗa ba.

Da safe na ɗauki hauyata zan bi su gonar gida, ko ba komai in taya. Gwaggo ta tare ƙofa, ta ce an hana. Mai gida ya ce kada wanda ya bar ni in taɓa ko tsinke, hutu na zo yi. An shimfiɗa mini tabarma a inuwar ɗurumin ƙofar gida, an ajiye ƙwaryar fura. Gari ya watse gona, ya rage ni da kaji da tsofaffin da ba sa gani. Haka na cinye kwanjen nan a zaune, ina bin inuwa tana juyawa, ko zanzaron kallo babu.

Ranar da zan koma, ina ɗaure kayana a zaure, mahaifina ya shigo zai wuce gona, da sabuwar hauyata a kafaɗarsa, don gwaggo ta ba shi. Na durƙusa, ina jiran ya wuce kamar kullum. Sai ya tsaya. Bai dube ni ba, bangon zaure yake kallo, amma babu kowa a wurin sai ni.

Ya ce, "Ina aiki?"

Na ce, "Da godiya, Baba."