Cinikin Jirgi a Ƙarƙashin Rawani

Shekarar da motoci suka ƙwace wa raƙuma jigilar alhazai, yayana ya sayar da raƙumansa huɗu. Ya zuba kuɗin a ɗamarar fata ya ɗaura a ƙugu, kuma ba shi da wata dukiya bayan wannan. Niyyarsa ya sayi jirgin ruwa mai inji, irin wanda mutanen Jidda ke kira lanci. A lokacin manyan jirage ba sa isowa gaɓa. Can cikin teku suke tsayawa, ƙanana su je su kwaso mutane. Yaya ya ce alhazan ƙasarmu da zarar sun ji Hausa a bakin mai jirgi, nasa za su shiga.

Amma mu 'yan Makka ne. Kakanmu ya taho daga Kano ta Sudan, mu kuwa a tsakanin duwatsu aka haife mu. Ruwan rijiya da na salka muka sani. Ni ɗinki nake yi a unguwar Zahir, da mata da 'ya'ya biyu, kuma sau biyu kawai na taɓa ganin teku.

Wani dillalin jirage ya zo Umra daga Jidda, ya aiko mu same shi a gidan shayi a bakin hanya bayan azahar. Mutum ne siriri mai sanyin murya. Ya ciro hoto daga aljihu ya ajiye a gabanmu: farin jirgi mai rumfa, da mutum biyu a tsaye a ciki.

Yaya ya daɗe yana duban hoton. "Shekararsa nawa?"

Dillalin ya yi dariya, ya ce da Larabci, "Ya shaihu, in kana so ka buɗe bakinsa ka duba haƙora. Uku. Bayan la'asar motata za ta tashi, kuma akwai wani Bayamane da ke jirana da kuɗi a hannu."

Sai ya warware rawaninsa, ya kama hannun Yaya, ya rufe hannayen biyu. Haka manyan ciniki ke tafiya a kasuwar raƙuma, kuma Yaya gwani ne a kai. Da yatsu ake taya, da yatsu ake cewa albarka, na gefe ba ya sanin farashi. Ba kuma a sa musu baki. In sun daidaita, dillali ya girgiza hannun ya yaye rawanin, ciniki ya faɗa, babu komawa.

Na zauna ina kallon rawanin yana motsi. Yaya ya girgiza kai. Dillalin ya ɗaga ido sama kamar an mare shi. Rawanin ya sake motsi. Gumi ya tsattsafo a goshin Yaya, amma na ga gefen bakinsa ya saki, na san yana cin nasara. Mai shayi ya tsaya da buta a hannu. Ni abu ɗaya ke kaina: raƙuma huɗu za su tafi a kan hoto.

Da na ga kafaɗar dillalin ta ɗaga zai girgiza hannu, na ce da Hausa, "Yaya, ba mu ga jirgin nan ba."

"Rufe mini baki," in ji Yaya, bai ko waiwayo ba.

"Me ƙanenka ya ce?" dillalin ya tambaya.

"Ba komai. Tela ne."

Sai na maimaita da Larabci, a hankali, yadda kowa zai ji. Na ce a sa jirgin a ruwa, a tayar da injin a gabanmu, sannan a ƙarasa.

Dillalin ya zare hannunsa. Ya naɗa rawaninsa bai yi sauri ba, ya mayar da hoton aljihu. "To, tayyib," ya ce. "Ku zo gobe."

Washegari da safe muka shiga motar kaya zuwa Jidda. Yaya ya juya mini baya har muka isa. A bakin teku dillalin ya nuna mana jirgin. Matuƙi ya ja igiyar injin sau ɗaya, ya kama. Aka zaga da mu har bayan duwatsun ruwa aka dawo. Na duba ƙasan jirgin, na sa hannu na shafa katako, a bushe yake. Jirgin ya fi hotonsa kyau.

Da muka sauka, Yaya ya miƙa hannu yana neman rawanin.

Dillalin ya haɗe hannuwansa a baya. "Wancan farashi na wanda ya yarda da maganata ne. Kai ka zo da mai bincike." Ya faɗi sabon farashi da baki, da ƙarfi, a gaban matuƙa da 'yan dako. Yaya ya taya, dillalin ya ce albarka. Yaya ya ƙara, ya sake cewa albarka. Ya roƙi a rage ko kuɗin mai na makon farko, dillalin ya juya yana duban teku.

Yaya ya dafa ɗamarar da ke ƙugunsa. Aikin hajji saura wata biyu, raƙuma kuma sun riga sun tafi. Ya kwance ɗamarar ya miƙa ta duka.

Da muka isa inda motocin Makka ke tsayawa, ya laluba aljihunsa, sannan ya dube ni a karo na farko tun jiya.

"Malam mai bincike," ya ce, "biya mana kuɗin mota."