Jirgin Rifkatu

Ranar wata Litinin a tsakiyar damina, shekarar da nake aji biyar na firamare, Malam Sada ya shigo ajinmu da kwalin fensir masu launi, ya ɗaga shi sama yadda har na bayan aji za su gani. Ya ce gasa ya sa mana: ran Alhamis kowa ya zo da hoton abin hawa daga gidansu, a manna a allo, 'yan aji su ɗaga hannu su zaɓi wanda ya fi, mai shi ya samu kwalin. Tun bai rufe baki ba na cinye gasar a raina, domin akwai hoton Babanmu a kan sabon babur, an ɗauke shi a gindin hasumiyar Gobarau, ya karkata hula.

Rifkatu ce ta ɓata mini lissafi. Su mutanen Kafancan ne, suna haya a wani ɓangare na gidanmu a Ƙofar Marusa, babanta ma'aikacin gwamnati. Tare muke ɗebo ruwa a famfon bakin layi, tare muke wanke-wanke, in mun gama mu baje a gindin dalbejiya muna carafke har sai an ƙwala mana kira. Ina sonta ƙwarai, amma akwai abin da ke ci mini rai: ta taɓa shiga jirgin ƙasa. Mu a Katsina ko layin dogo ba mu da shi. Iyakar jirgin da na sani shi ne wanda muke yi a filin makaranta, kowa ta riƙe rigar ta gabanta muna ta ihu. Ita kuwa da ta fara labarin tasha da masu miƙo tallar gyaɗa ta taga, sai yara su watse daga wurina su kewaye ta.

Ran Laraba ta nuna mini nata hoton, wanda babanta ya ɗauka da kyamararsa. Kan jirgi ne kawai, baƙi wuluk da fitila ɗaya, yana ɓullowa daga cikin wani farin abu da ya haɗiye itatuwa da taragai gaba ɗaya. Ta ce hazon damina ne na garinsu, wanda ke sauka da sassafe kamar gajimare ya zauna a ƙasa. Na daɗe ina kallo, ji nake kamar jirgin zai fito ya bi ta kaina. Nan take na san babur ɗin Baba bai kama ƙafarsa ba, ƙyashi ya kama ni.

Ran Alhamis da aka fita tara, na bi 'yan ajinmu ɗaya bayan ɗaya ina zuga su. "Mi kuka gani ga wanga hoto? Ƙonewa ya yi wurin wanki, shi ya sa duk ya yi hwari. Ina sauran jirgin?" Babu wanda ya taɓa ganin irin wannan hazo a cikinsu, suka kuwa yarda. Da aka zo kan hoton, wata ta ce ai ƙonanne ne, aji ya ɓarke da dariya. Malam Sada ya daɗe a tsaye gabansa yana kallo, amma ya riga ya ce mu ke da zaɓi. Ni na ci.

A hanyar gida Rifkatu ta tsaya ta sa hoton a tsakiyar littafinta, ta ce da ni a hankali, "Hajara, kin san bai ƙone ba. Safiya huɗu Baba yana zuwa tasha kafin ya same shi." Na kawar da kai na ci gaba da tafiya. Ba ta yi gaba da ni ba, mun ci gaba da ɗebo ruwanmu tare, amma ba ta ƙara ba da labarin jirgi ba ko da yara sun roƙe ta. Ƙarshen shekara aka yi wa babanta canjin wurin aiki, suka tashi ban ba ta haƙuri ba.

Yanzu kowa da kyamara a aljihu, har gasar hotunan jirgi a waya ake yi. Daminar bara na samu kaina a wata tasha kusa da Kaduna da sassafe, hazo ya sauka, jirgi na tahowa. Na yi ta ɗauka har ya tsaya, da na duba duk fari fat, ko fitilar ba ta fito ba. Ga ni uwar 'ya'ya huɗu, amma ƙyashin nan na aji biyar ya dawo mini sabo. Ban san inda Rifkatu take ba yau. Da na sani, da na gaya mata hotonta bai ƙone ba.