Kunyar Suruki a Tudun Inabi

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, na tabbata zai bar mini wata Asabar guda, ranar da na bi mahaifin matata a kan keke cikin tuddan jihar Virginia ta Amurka. A lokacin ba ta zama matata ba, nema nake yi. Ita kuwa tun farko ta fito mini fili: duk son da take yi mini, mutumin da babanta bai yi na'am da shi ba, ba za ta aure shi ba.

Baban nata likita ne, Bazazzagi, ya daɗe da zama a garin Manassas. Ya haura sittin, amma ba shi da tumbi ko na magani. Na sha zuwa gaishe shi, yana amsawa ba yabo ba fallasa, har na fara tunanin ko bai ma riƙe fuskata ba. Rannan ina durƙushe a falonsa sai ya ce, "Ka iya keke?" Na ce na iya. Ni da na tashi a Kano ina kai niƙa a keken babana, wa zai tambaye ni keke? Ya ce, "To, ka zo Asabar da sassafe, ina da na aro." Na fita ina murna. Ashe ban san dawan garin ba.

Da na isa daga Gaithersburg inda nake zaune, maman yarinyar ta riga ta jera kayan karin kumallo, ƙamshin ƙosai ya cika gidan. Ta ce in zauna in ci. Na sunkuyar da kai na ce, "Alhamdulillahi Mama, na karya." Ƙarya nake, ko ruwa ban kurɓa ba saboda zumuɗi. Amma a gidanmu an yi mana tarbiyya cewa namiji ba ya tauna a gaban surukai. Na san wani yayana da ya yi shekaru da aure, surukinsa bai taɓa ganin motsin bakinsa ba, kuma ana yabonsa a kan haka. Na ƙudurta a raina cewa Amurka ba za ta raba ni da wannan ba.

Muka ɗora kekunan a bayan motarsa, ya ja mu yamma, har gine-gine suka ƙare, ƙasa ta fara tashi tana sauka. Ko'ina ka duba gonakin inabi ne a jere a jikin tuddai, ga katangun dutse gajeru a gefen hanya, can nesa kuma duwatsu sun yi shuɗi. Inabin giya ne, kusan kowace gona da allonta tana kiran mutane su shigo su ɗanɗana. Ya ga ina kallo, ya yi dariya ya ce, "Mu ba ruwanmu da abin da ke cikin kwalba, hanyarsu muka zo aro. Masu sha ba sa fitowa sai rana ta ɗaga."

Gaskiyarsa kuwa. Shiru ne irin wanda na manta akwai shi, ba ka jin komai sai ƙarar taya a kan tsakuwa da kukan tsuntsaye. Ya shige gaba, na bi shi a baya ina lissafin cewa in ƙishirwa ta matsa, sai in ɗaga gorata in kurɓa bai gani ba. A nan na lura da wani ɗan madubi maƙale a jikin hular kwanonsa. Duk motsin da na yi, idonsa na cikin madubin nan. Na mayar da hannuna kan keke, na bar gorar inda take.

Kano shimfiɗaɗɗen gari ne, wannan shi ne abin da na manta. A nan kuwa kafin ka gama jin daɗin gangara, wani tudun ya tsaya maka. Muka tsaya a inuwar wata bishiya, ya ciro ayaba biyu ya miƙo mini guda. Na ce, "Na ƙoshi, Baba." Ya dube ni, ya cinye tasa ya mayar da tawa aljihun riga. Can gaba ya sake miƙo dabino, na sake godiya. Har ina yaba wa kaina a zuci, wai yau dattijon nan zai ga ɗan gidan mutunci.

Da rana ta take, sai ido ya raina fata. Harshena ya manne, kaina ya fara sarawa, ƙafafuna suka koma kamar na aro. Sai ga wani tudu dogo, hanya ta bi tsakanin gonaki biyu ta miƙe sama ba ta da niyyar ƙarewa. Na ce wa kaina, ko zan mutu, ƙafata ba za ta taɓa ƙasa ba sai a samansa. Na miƙe a kan feda ina dannawa, keken na tangaɗi, ina ganin duhu-duhu a gefen idona. Kuma na hau shi. Ina kaiwa sama cinyata ta ƙage, na sulale cikin ciyawa, keken ya kwanta a kaina.

Ya dawo ya ɗage keken, ya kama wuyan hannuna ya ji bugun jini, sannan ya tsaya kawai yana kallona. Bai miƙo komai ba. Na duba hanyar da ta rage, tuddai ne bayan tuddai, ko alamar inda muka bar mota babu. Hawan da na gama bai kai rabin nauyin abin da ke bakina ba, don a ganina ina furta shi na zubar da duk mutuncin da na wuni ina tarawa, yarinyar kuma ta tafi ke nan. Na haɗiye abin da ya rage na yawu, na ce, "Baba, yunwa nake ji. Ban karya ba."

Ya ce, "Tun safe nake jiran wannan maganar." Ya ciro dabino da ayabar nan, ya zuba wani gari mai gishiri-gishiri a gorata ya girgiza, ya ajiye su a gabana. Sai ya juya mini baya, ya taka zuwa bakin katanga, ya harɗe hannu yana kallon inabi kamar mai shirin sayen gonar. Bai waiwayo ba sai da ya ji na rufe gora. Wallahi wannan juya bayan ya fi dabinon shiga raina, sai da ƙwalla ta cika mini ido.

Ya zo ya zauna kusa da ni a ciyawa. Ya ce, "Kunyarka na gani, kuma na ji daɗinta. Taurin kanka ma na gani. Da ba ka yi magana ba, nan zan tsayar da tafiyar in ɗura maka ruwa, ni likita ne. Amma da mun koma gida sai in sallame ka. Ƙasar nan babu dangi a bayan katanga da za su gane halin da kake ciki daga fuskarka. Ranar da aiki ya kuɓuce maka, ko ciwo ya shigo gidanku, haka za ka yi ta ce mini ka ƙoshi har ku faɗi ku biyu?" Sai na sunkuyar da kai.

Muka ƙarasa a hankali, ina ci ina sha, shi kuma ya lanƙwashe madubinsa gefe. Muna ɗora kekuna a mota ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ka ce kana da kawu a Upper Marlboro ko? Ka gaya masa ya zo."

Shekaru sun wuce, har yau ban iya cin tuwo a gabansa da sakin jiki ba, shi ma bai taɓa matsa mini ba. Amma lokacin da kamfaninmu ya rage ma'aikata aka sallame ni, matata na da tsohon ciki, shi na fara kira tun ina wajen ajiye motoci. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, dauriya tana iya kai mutum saman tudu, amma wanda zai kai iyalinsa gida dole ya iya buɗe baki ya ce yana jin yunwa.